Ɗan Fari a Bakin Iyaka

Shekara ashirin da wani abu ina koyar da labarin ƙasa a Suki kafin in ga iyakar ƙasa da idona. A allo kam na san ta sarai. Jan alli nake ɗauka in ja ɗigo-ɗigo daga arewa zuwa kudu, in ce da yara nan Sudan ta ƙare, nan Habasha ta fara. Sannan in ja kibiya biyu, ɗaya mai shiga ɗaya mai fita, in jera kayan kasuwa a kan kowace. Wanda duk ya ɗora gahawa a kan kibiyar da ba tata ba, maki biyu sun tafi. Ba a taɓa samun yaron da ya tambaye ni ko na taɓa zuwa wurin ba, shi ya sa har gobe nake cewa yaran Suki suna da tarbiyya.

Ranar da na je ɗin ma ba neman ilmi ya kai ni ba. Inna na raka, wato mahaifiyata. Sai dai kafin abin da ya faru ya zama magana mai kai da gindi, dole in faɗi yadda muke ni da ita.

Ni ne ɗanta na fari. A wurinmu wannan ba sarauta ba ce, ya fi kusa da laifi. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta zo ta goya ni zuwa Wad Haddad, inda kakana yake da hawasha, wato gonar da gwamnati ta yanka masa a bakin magudanar ruwa. Can na tashi tsakanin auduga da dawa. Inna ta zauna a ƙauyenmu na bakin kogi kusa da Rusairis, ta haifi shida a bayana, ta kira kowa da sunansa, har da sunan faɗa. Nawa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta duban fuskata, ba ta cin abinci a gabana, in na shiga ɗaki sai ta tuna da tukunyar da ta bari a wuta. In magana ta zama dole, sai ta nemi na uku: ƙanwata, ko maƙwabciya, in babu kowa kaza ma ta wadatar. Sai ka ji ta ce a tambayi mutanen Wad Haddad ko sun ci abinci. Ni ne mutanen Wad Haddad ɗin, ni kaɗai, ina zaune taku uku daga inda take. Da na kama aikin koyarwa na sami ƙarin girma, na koma mai makaranta.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Kunyar ɗan fari ce, haka uwarta ta yi wa babban yayanta, haka muka tarar. Abokan aikina Larabawa, waɗanda iyayensu mata ke rungume su a tashar mota suna kuka, sukan ji tausayina in na ba su labari. Ni kuwa in na ga abin da ake musu a bainar jama'a, nasu tausayin nake ji.

Inna tana da ƙanwa ɗaya tak da suka fito ciki ɗaya, wadda muke kira Inna Ƙarama. Wani ɗan kasuwar gahawa ya aure ta, ya tsallaka da ita wancan ɓangaren na Habasha, suka zauna a wani gari da ba shi da nisa da iyaka. Rabon da su ga juna tun ta'aziyyar mahaifinsu, kusan shekara ashirin. A cikin hutun bazara na wata shekara, ina gida na zo gaisuwa, 'yarta ta yi waya. Ta ce uwarta ta kwanta, ta bar cin abinci, kuma ba ta da magana sai ta yayarta. Ta ce in za a zo, a zo da wuri.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya. Nan aka shiga shawarar wanda zai kai ta. Mai bi mini yana aiki a Saudiyya, na bayansa ya tafi sharar gona nesa, matan kuwa kowace da goyo ko ciki. Ni ne mai hutu, ni ne kuma mai cikakkun takardu. Ita Inna ba ta da ko ɗaya. Duk lokacin da aka ce ta je a yi mata katin shaida, sai ta ce ita ba ta taɓa ɓata ba balle a nemi shaidarta. Wani maƙwabcinmu mai kai busasshen kifi kasuwar iyaka ya ce wannan ba damuwa ba ce. Ranar kasuwa, sau biyu a mako, ana barin tsoho ko tsohuwa su tsallaka na kwana uku a kan katin ɗansu, ɗan ya tsaya musu. Ya ce tambaya biyu kawai za su yi mata. Bai faɗi ko waɗanne ba, ni kuma da nake cin abinci da tsara tambayoyi ban tambaya ba.

Mun tsallaka kogi zuwa garin Damazin da sassafe, muka sami lori mai kai albasa da gishiri. Direban ya sa Inna a gaba saboda shekarunta, ni ma ya sa ni a gaba saboda gilashina, ya zama mun zauna kafaɗa da kafaɗa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye ni. Ta ja mayafinta ta yi mana katanga. Duk tsawon hanyar direban ne ya zama mai isar da saƙo. In tana son ruwa sai ta ce masa ya tambayi mai makaranta ina gorar take. Bawan Allah ya yi ta juyo da kai yana maimaita mini abin da na riga na ji. Can ya gaji, ya tambaye ni a hankali ko mun yi faɗa ne. Na ce a'a, lafiya lau muke, wannan ma ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi.

Muka kwana a hanya, hantsin washegari muka isa.

Abin da na shekara ashirin ina ja da jan alli ashe igiya ce. Igiya ta ɗaure kaya, an ƙulla mata tsummoki don direba ya gan ta, an ɗaure ta tsakanin ganga biyu cike da duwatsu. A bayanta akwai kwari mai faɗi wanda ruwa ke bi da damina, yanzu yashi ne zalla. Can a ɗaya gaɓar ga wata igiyar da wata tuta. Tsakanin igiyoyin biyu kuwa jakuna ne ke kai da kawowa, don motoci ba sa tsallakawa. A nan ake sauke albasa da gishiri da sabulu da takalman roba, a ɗora wa jakuna, su dawo da buhunan ɗanyar gahawa da tafarnuwa da citta da zuma a jarkoki. Na tsaya ina duba ko akwai kuskure a cikin abin da nake koyarwa. Jerin kayan daidai yake, sai dai ban taɓa rubuta jaki a allo ba, alhali ba domin shi ba da babu abin da zai motsa tsakanin ƙasashen biyu.

'Yan kasuwar ba su kula da igiyar ba ko kaɗan. Sukan ɗaga ta da hannu ɗaya kamar mai shiga zauren gidansu, su yi sallama ga masu kaki, su tambayi lafiyar iyali. Kowa yana magana da harshe uku, babu wanda yake gama jimla da harshen da ya fara ta. Na ji Hausa ma nan da can, irin ta mutanenmu, an cakuɗa ta da Larabci da wani abin da ban gane ba.

Ofishin matafiya rumfar kwano ce mai tebur ɗaya, a gefe an jibge buhunan da ake bincike. Jami'in da ke zaune yaro ne, bai wuce sa'an ɗaliban da na yaye ba. Ya karɓi katina, ya ga sana'ata, ya ɗan tashi daga kujera ya ce marhaba ya Ustaz. Na yi masa bayanin tafiyarmu. Ya ce babu matsala, Allah ya ba marar lafiya sauƙi. Ya jawo takarda ya juya wajen Inna, ya tambaye ta da Larabci, cikin ladabi, ko wannan mutumin ɗanta ne.

Inna tana jin Larabci kamar kowa, ta shekara arba'in tana sayar da gyaɗa da shi. Ta dubi bangon rumfar ta amsa masa da shi.

"Ɗan mutanen Wad Haddad ne."

Jami'in ya yi murmushi, ya ɗauka ba ta ji tambayar ba. Ya ce to ya Hajja, mene ne sunansa. Inna ta gyara mayafinta. Ya sake tambaya da ɗan ƙarfi, don yana zaton kunne ne. Ta ce masa kunnenta lafiya lau.

Ya ajiye alƙalami. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya canja iri. Ya ce da ni kwanan nan an sha kama mutane suna tsallakar da waɗanda ba su haɗa komai da su ba, a ce uwa ce ko uba ne, kuma an ja masa kunne a kai. Tambaya biyu ce a takardar, ta kasa amsa ko ɗaya. Shi me zai rubuta?

A nan na yi kuskuren da malami kaɗai zai yi: na ba shi darasi. Na fara daga asalin mutanenmu da yadda kakanni suka taso daga yamma da niyyar hajji, na gangaro kan kunya da ire-irenta, ta suruki da ta miji da ta ɗan fari, har na kawo misalai. Na yi magana mai kyau, da Larabcin littafi, har 'yan kasuwar da ke bayanmu suka yi tsit. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, ya Ustaz, kada ka ji haushi, amma duk waɗanda aka kama su ma sun iya magana. Ya miƙo mini katina, ya ce in ta tuna sunan mu dawo, yana nan har la'asar, lokacin da ake ɗaure igiya. Bayan nan sai kasuwa ta gaba, kwana huɗu.

Kwana huɗu ga wadda ta bar cin abinci ba ƙaramin lokaci ba ne. Ni da Inna duka mun san haka.

Muka koma gindin wata bishiya inda wata mai shayi ta kafa murhunta. Mace ce kamar sa'ata, kakkaura, da jin gaisuwarta ka san tamu ce. Labarin ya riga mu isa wurinta, domin a bakin iyaka labari ne kaɗai ba ya tsayawa bincike. Ta ba Inna kujera, ta zuba mata shayi, sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Ustaz, duk karatun nan naka ba ka san abin da za a tambaya ba? Kai da ka san kai ne na fari, ka kawo ƙanenka mana."

Na ce ƙanena yana Saudiyya. Ta ce to da na ari na maƙwabta, da tuni mun tsallaka, tun da shi Inna za ta iya kiran sunansa har sau goma. Inna ta yi wata 'yar dariya a cikin mayafi, ita ce ta farko tun da aka yi wayar nan.

Mai shayin ta ce akwai hanya. In aka bi kwarin aka gangara kamar tafiyar rabin sa'a, akwai inda masu itace suke tsallakawa, babu igiya babu tambaya, za a iya ɗora Inna a jaki. Na fara lissafa abin da zai sami malamin gwamnati in aka kama shi a can, amma Inna ta hutar da ni. Ta ce wa mai shayin ita ba ta shiga wurin ƙanwarta ta ƙofar ɓarayi, kuma in Allah ya ɗauki ranta a can, ba ta son a ce gawar da ba a san yadda ta shigo ba.

Azahar ta yi, muka yi salla. Inuwar bishiyar ta fara matsawa gabas. Lorin da ya kawo mu ya gama lodin gahawa, direban ya aiko a tambaya ko za mu koma da shi. A lokacin ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa a gabanta, na yi mata magana kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

"Inna, suna ne kawai. Sau ɗaya. Ni sai in tafi nesa, ba zan ji ba."

Ba ta dube ni ba. Ta dubi tukunyar shayi.

"Ki ce ma mai makaranta, ko shina Makka ina nan, ban faɗi nai. Uwata ba ta faɗi ba har ta koma ga Allah. Ba bakin igiya za ni fara ba."

Na tashi na kakkaɓe gwiwata. Ba zan ɓoye ba, na ji haushi. Na ce a raina ga mace za ta bar 'yar'uwarta ta mutu ba su gana ba saboda kalma mai gaɓa uku. Da a aji ne da na san abin da zan ce, amma a nan ba ni ne mai alli ba.

Ta yi ta juya kofin shayin a hannunta. Can ta tambayi mai shayin, shi yaron nan mai kaki, suna yake so, ko kuwa so yake ya san wadda ta haifi wani. Mai shayin ta ce ai duk ɗaya ne. Inna ta ce ba ɗaya ba ne, suna ko aku aka koya wa zai faɗa. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce mai shayin ta bar murhun ta raka ta. Ni kuma a ce mini in ba da katin, in je in tsaya wajen albasa.

Na je na tsaya wajen albasa. Wani dattijo mai jakuna huɗu yana ɗaure buhuna, ya ga na tsaya ba aiki, ya ce in riƙe masa igiya. Na riƙe. Ya tambaye ni abin da nake sayarwa, na ce ni malami ne, ina koya wa yara yadda kaya ke fita daga ƙasa zuwa ƙasa. Ya ce madalla, to in ja da ƙarfi, buhun yana zamewa. Daga inda nake ina hango rumfar. Inna tana zaune a kan buhu, tana magana tana nuni da hannu, jami'in ya jingina da kujera yana saurare. Na ga ya yi tambaya, ta amsa. Na ga ya sake yi, ta ɗaga yatsu. Abin ya ɗauki kamar tsawon darasi guda.

Sai ga mai shayin ta leƙo ta yafato ni. Ina shiga Inna ta fita, muka yi kiciɓis a ƙofa, ta ja gefe kamar yadda ake yi wa baƙo.

Jami'in ya ce in yi haƙuri, amma yana so in cire riga.

Na tambaye shi ko na ji daidai. Ya ce ƙwarai. Ya tambaye ni ko akwai tabo a bayana. Na ce akwai, tabon lalas, inda wanzami ya ɗora mini ƙarfe mai zafi lokacin da na yi ciwon ƙirji ina ɗan shekara huɗu. Ya ce guda nawa. Na ce uku nake zato, don uku hannuna yake kaiwa, kuma ban taɓa ganin bayana ba. Ya ce Hajja ta ce biyar ne: uku a jere ƙarƙashin kafaɗar hagu, ɗaya a dama, ɗaya kuma ya karkace can ƙasa, domin na fizge lokacin da ake sa shi.

Na cire gilashi, na cire jallabiya, na cire singileti, na juya masa baya, a tsakanin buhunan gahawa da ake jiran a bincika. Wasu 'yan kasuwa biyu da ke layi suka ba da hankali sosai. Mai shayin ta tsaya a ƙofa, wai don ta zama shaida. Ya zagayo da alƙalaminsa yana taɓa wuraren ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa a fili, kamar yadda na ga yana yi wa kaya tun safe. Da ya kai na biyar ya ɗan tsaya, ya ce lallai ya karkace.

Ya koma kujerarsa ya jawo takardar. Yana rubutu yana cewa, da ya yi tunani tun farko, wadda aka ɗauko haya sunan za a fara koya mata, ta haddace shi kafin ta sauko daga mota. Ya cike gurbin sunan da hannunsa daga katina, ya buga hatimi, ya sa katin a aljihun tebur, ya ce kwana uku, ranar da muka dawo in karɓa. Ya ƙara da cewa in sa rigata, ya Ustaz, akwai mata a waje.

Ina mayar da gilashi mai shayin ta matso ta ce, na san wanda ya riƙe mini ƙafafu ranar lalas ɗin? Na ce kakata, haka ta sha gaya mini. Ta ce kakata kaina ta riƙe. Da labarin ciwon ya kai Rusairis, Inna ta taso da tsohon ciki, ta yi kwana biyu a hanya, ta shiga gidan surukanta da fuska a rufe. Ita ta danne ƙafafun. Ta kwana uku a bayan ɗaki tana dama kunun da ake ba ni, ranar da zazzaɓin ya sauka ta juya, tun kafin in san wanda ke kaina. Ta roƙi kakata kada a faɗa, ba a kuwa faɗa ba. Mai shayin ta ce duk wannan Inna ta bayyana wa jami'in ne don ya tambaye ta yadda aka yi ta san tabon, tun da ta ce a Wad Haddad na tashi. Sannan ta ce kada in nuna na ji, in ba so nake tsohuwa ta ƙi tsallakawa ba.

Ban nuna ba. Na fito na ɗauki ƙullin kayanta. Tana tsaye a bakin igiya tana kallon ɗaya gaɓar.

Faɗin kwarin bai fi taku ɗari ba, amma yashi ne mai nutsar da ƙafa, Inna kuma gwiwoyinta sun daɗe da yin ritaya. Na rage tafiya na matso da kafaɗata inda hannu zai kai. Ba ta dafa ni ba, ta kama bakin ƙullin da ke hannuna, muka tafi a haka, ni ina ja, ita tana biye, jakuna suna wuce mu ta kowane gefe. A ɗaya rumfar wani jami'in ya duba takardar, ya rubuta wani abu a bayanta da baƙaƙen ƙasarsu. Na juya ta sama da ƙasa ban gane ko harafi ɗaya ba. Na ninke ta na sa a aljihu da irin girmamawar da iyayen ɗalibaina suke yi wa takardar sakamako.

Wata ƙaramar mota mai ƙafa uku ta kai mu garin kafin rana ta faɗi. Tun daga bakin layi na fara kasa kunne ko zan ji kuka, na duba ko akwai tabarmi a ƙofar gida. Babu. 'Yar Inna Ƙarama ta fito da gudu ta karɓi kaya, ta ce uwarta tana nan, tun safe take tambaya ko an ji motsin mota.

Inna Ƙarama ta rame har ban gane ta ba. Inna ta zauna a bakin gadon, ta kama hannunta. Inna Ƙarama ta dube ta ta ce, Yaya kin tsufa. Inna ta ce ita dai da ƙafarta ta zo, wasu kuwa suna kwance. Daga nan Inna Ƙarama ta hango ni a bakin ƙofa. Ita babu kunya tsakanina da ita, ta kira sunana cikakke, ta ce in matso ta ga furfurata. Inna ta sunkuya tana kwance ƙullin kaya, ta fito da daddawa da kuka da ɗan garin gero na gida, ta tambaya ina murhu yake.

Kunun da ta dama a yammacin nan Inna Ƙarama ta sha cokali shida, 'yarta tana ƙirgawa. Washegari ta sha rabin kofi. Kwana ukun nan Inna ba ta bar ɗakin ba sai don alwala. Ina jiyo su daga tsakar gida suna tuna mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni, suna gardama a kan wadda ta fasa wani tulu na uwarsu. A rana ta uku da hantsi suka yi sallama, kowace ta ce ta yafe, har da tulun. Muka kama hanya don mu riski igiya a buɗe.

Kwana tara da komawarmu Rusairis aka yi waya cewa Inna Ƙarama ta rasu, da safe, bayan ta yi salla a zaune.